Ranar da Na Yi wa Ciyaman Kan Durian

Shekarun baya, lokacin kullen korona, ina Kuala Lumpur ina digiri na uku a kan zanen barkwanci na Faransawan da. Mutanen nan ba su da dama. Sarkinsu guda suka mayar da kansa ɗan itace, suka buga a takarda suka baza gari, har da wanda ya sha ɗauri. Kullum ina kallon aikinsu a ɗakinmu na unguwar Pantai Dalam, har na fara jin ni ma gwarzo ne.

A lokacin ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa tana raba shinkafa. Ni ban rubuta suna ba, wai kar a raina ni. Da ma mukan tarar da buhu a bakin ƙofa, muna zaton maƙwabta ne. Sai tsegumi ya tashi cewa ciyaman yana ware wasu buhuna a motarsa. Ban bincika ba, na zana shi da kai irin na durian, wani ɗan itacen ƙasar mai ƙaya ko'ina, ya hakimce a kan buhuna. Abokina na yi niyyar tura wa, hannu ya kai shi zauren ƙungiya. Kafin in goge, an gama dariya.

Matata ta dafe ƙirji. "Malam, ka manta extension letter ɗinka tana hannunsa?"

Takardar neman ƙarin wa'adin karatu ce, kuma ta hannun ciyaman take bi. In bai sa hannu ba, karatuna ya tsaya. Kwana biyu ina zaman jiran hukunci.

Rana ta uku da hantsi ya kira. "Malam, sauko, ina ƙasa."

Na sauka da takunkumi. Ya miƙo min takardar da sa hannunsa, sannan ya buɗe bayan motar. Buhuna ne, kowanne da lambar gida, babu suna.

"Na waɗanda kunya ta hana su register ne. Ajiyewa nake in wuce. Zanen ya yi kyau kam, amma hancin ka cika shi."

A buhu na biyu na ga lambar gidanmu.

Har yau ina ganin ƙimar irin wannan zane, domin akwai manyan da sai da shi suke jin magana. Amma kafin in ɗauki alƙalami sai na bincika. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ashe da ƙarfin shinkafarsa na zana shi.