Wanda Ya Yi Min Rakiyar Zance

A garinmu, can wajen Janfalan, saurayi ba ya zuwa zance shi kaɗai. Aboki yake ɗauka. Abokin ne zai yi sallama, ya sa a kira yarinya, in hira ta mutu ya tashe ta. Ni kuwa bakina a kasuwa kawai yake aiki. Ajiye ni gaban buhun barkono, zan yi ciniki har mai kaya ya gaji, amma gaban budurwa daga "ya gida" sai in kafe.

Yarinyar da nake so tana karatu a wata kwalejin kiwon lafiya a Makarfi, tana zuwa gida ƙarshen mako. Ni daga firamare na faɗa kasuwa. Shi ya sa na zaɓi abokina na ƙuruciya, wanda muka yi kiwon awaki tare, shi kuma yana karatun malanta a Zariya. Na ce ɗan makaranta ya fi sanin yadda ake yi wa 'yar makaranta magana.

Tun zuwanmu na farko ta ce kada in wahalar da kaina da turare ko sabulu, littattafan soyayya take so. Ran kasuwar Hunkuyi akwai wani dattijo da yake baza su a kan leda kusa da masu kaset. Ina karanta Hausa, amma a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, don haka abokina ne yake zaɓa, ni in ɗauka in kai. Duk labarin ɗalibai ne: sun haɗu a aji, an yi faɗa, an shirya, an gama karatu an yi aure.

Da la'asar sakaliya mukan zauna a dakalin ƙofar gidansu. Ni a tsakiya, su biyu suna musun labarin littafin ta kaina.

"Wallahi yarinyar nan ba ta kyauta ba, ai sai ta jira shi ya gama jarrabawa," in ji abokina.

"Kai dai Malam, ku maza kullum a jira ku. Shi me ya hana shi buɗe baki?"

Sai su kwashe da dariya, ni ma in yi. Daɗi nake ji. Ina ganin hirata ta fi ta kowane saurayi armashi a unguwar.

Da kakar tumatir ta zo na samu shiga harkar lodi zuwa Legas, na bi mota na zauna can ina karɓar kaya. Kafin in tafi na gaya wa kawuna, in na dawo zai je ya nema min izini wurin iyayenta. Abokina kuma na damƙa masa amana yadda ake yi: ya riƙa leƙawa yana kai gaisuwata, kada wurin ya yi sanyi wani ya shige. Na ce wa dattijon nan mai littattafai duk littafin da abokina ya zaɓa a ba shi.

Ranar da na dawo, ko wanka ban yi ba na nufi gidansu da tsaraba. Kakarta na tarar a zaure tana ɓarar gyaɗa. Tsohuwa ce mai tsokana, kullum mijinta take kirana.

"A'a, angona, ka dawo? To zauna, yanzu ni kaɗai na rage maka."

Na yi dariya na ce, "Iya, ai ke ce uwargida."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ɗan nan, goro ya riga ya shigo gidan nan. Iyayen ɗan rakiyarka ne suka kawo. Ni na ɗauka da saninka."

Na ajiye tsarabar, na yi mata sallama yadda ya kamata, na fita.

A bakin masallaci na same shi bayan azahar. Na ja shi gefe na ce, "Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Abokina, so ba shawara yake yi ba. Zuciya ce ta ga inda za ta sauka."

Na ce, "Wannan a wane littafi yake? Ina so in san ko ni na ɗauko shi."

Ya sa takalminsa ya wuce.

Ita ban riƙe ta da komai ba. Na aika ƙanwata ta tambaye ta, ta ce a gaya min ba ta taɓa jin kalmar so daga bakina ba, kuma gaskiya ta faɗa. Abokina kuwa, shi ne ya san kawuna yana jiran dawowata. Shi na gaya wa a tashar mota, hannuna cikin nasa.

Na je ɗaurin auren, domin mahaifinsa da nawa sahu ɗaya suke sallah, kuma a kasuwa ana kallon fuskar mutum. Na ci goron, na shafa fatiha.

Yanzu yana koyarwa a Ikara, ita tana aikin asibiti, 'ya'yansu sun girma. Nawa ma haka. Mukan haɗu wurin jana'iza ko suna, mu gaisa doguwar gaisuwa, ya aiki, ya iyali, ya ƙoƙari. In ya ce min "abokina", sai in ce masa "Malam". Ya taɓa tambayata yaushe zan daina ce masa haka. Na ce masa ban sa rana ba.