Huɗubar Kawu Ishaya da Na Kashe

A damunar bana Kawu Ishaya ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi, kuma shi ne mai bishara a 'yar majami'armu ta ƙasa, a wani ƙauye kusa da Kwandiko. Karatunsa bai wuce na yaƙi da jahilci ba. Da yatsa yake bin layi in yana karanta nassi.

Shekarar da na dawo daga makarantar tauhidi, akwai wani ɗan ikilisiyarmu, Habila, da dattawa suka dakatar saboda shan giya. Ya tuba, ya nemi a mayar da shi. Ranar Lahadin da za a zauna a kan maganarsa, Kawu ya yi huɗuba a kan wurin da Yesu ya kira Bitrus dutse, ya ce a kansa zai gina ikilisiyarsa. Kawu ya ce mu dubi wanda aka zaɓa: mutumin da ya nutse a ruwa don tsoro, wanda ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Ya ce in da irin wannan aka fara ginin, to akwai gurbin Habila a bango.

Da aka zauna da dattawa, na miƙe. Na ce fassarar Kawu kuskure ce. Na kawo kalmomin Helenanci biyu, wato harshen Girka, na ce dutsen ba Bitrus ba ne, shaidar da ya bayar ce a kan Almasihu, kuma ba a gina gidan Allah da tubalin da ruwa ya ci. Na ga dattawa suna gyaɗa kai, na ji daɗi.

Kawu ya ce, "Yohanna, kai ka yi karatu. Ni dai abin da na gani, wanda aka ba mabuɗan Mulkin Sama shi ne ya fita yana kuka da zakara ya yi cara."

Ba a mayar da Habila ba. Daga ranar Kawu ya bar mini bagade, ya koma bencin baya. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ni kuwa na ɗauki shirunsa a kan ya yarda na fi shi. Bayan damuna biyu ya kwanta ciwo. Aka aiko mini ina taron fastoci a Birnin Kudu, na ce sai an tashi. Kafin a tashi an binne shi. Magana zarar bunu ce, ban samu na mayar da tawa ba.

Yau majami'ar ta bulo ce, da rufin kwano da lasifika. Samarinmu suna gardamar wannan ayar a waya, kowa da malamin da yake saurara. Nakan yi tunanin me Kawu zai ce. Ina jin zai yaba ginin, sannan ya tambayi su wa da wa suka daina zuwa, kuma wa ya je gidansu.

Har yanzu ina koyar da cewa Almasihu ne tushe, kuma na san Kawu bai taɓa musun haka ba. Laifina shi ne na ɗauki aya na yi sanda da ita, don a san na yi makaranta.

Watan jiya na je wurin Habila. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana zaune yana ɓarar gyaɗa. Ya daina giya tun wancan lokacin. Ya ce kowace Asabar Kawu yakan same shi a gona, su yi noma tare, su yi addu'a a gindin ɗorawa, har ƙafar Kawu ta kasa. Ban taɓa sani ba.

Na roƙe shi gafara. Ya ce, "Fasto, ni na yafe tuntuni. Wanda ya kamata ka roƙa yana can bayan gari."

Kawu bai bar littafi ba, ko hotonsa mai kyau ba mu da shi. Ya bar mutum ɗaya da bai saki bangaskiya ba, bayan ni na rufe masa ƙofa. Na ce wa Habila zan zo ran Asabar. Ya ce in taho da fartanya.