Kwarzanen da Sabo Fil ya goge

A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene yake zama, tsakanin mai ɗinkin takalma da mai sayar da katin waya. Teburinsa bai fi faɗin faranti uku ba, amma akwai duniya a kai: hantsaki, ƙananan sukudirebobi, kwalaben mai, da ɗan madubin da yake maƙalawa a ido. Shekara talatin yana gyaran agogo a nan, har aka manta sunansa na yanka. Kowa Sabo Fil yake ce masa, domin duk agogon da ya bar hannunsa sai ya fita yana sheƙi, ko an sa shi gogewa ko ba a sa shi ba. Matarsa ta ce ko cokali ta bari kusa da shi, sai ta dawo ta ga fuskarta a ciki.

Wata safiya wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya a gabansa cikin sauri, ta kwance hankici. Da ya ga abin da ke ciki sai da ya gyara zama. Agogo ne mai tsadar gaske, irin wanda ake murɗa wa kai da hannu, wanda bai taɓa riƙe irinsa ba sai sau biyu a rayuwarsa.

"Na babana ne. Kamfanin da ya yi wa tuƙi ne suka ba shi ranar da ya ajiye aiki. Ya tsaya. A gyara shi, Malam."

A wurin Sabo Fil kuwa, gyara gyara ne, ciki da waje. Ya buɗe shi, ya wanke, ya sa mai, agogo ya tashi. Sannan idonsa ya faɗa kan wani kwarzane mai zurfi a gefe. Haba, agogo kamar wannan da tabo? Ya kunna injin gogewa, yana ɗan waƙe-waƙensa, ya shafe shi tas.

Bayan kwana biyu ta dawo. Tana juya agogon sai fuskarta ta canza.

"Malam, ina kwarzanen?"

"Na raba ku da shi, 'yata. Kyauta ma."

"Innalillahi! Baba ya daina gani shekara huɗu ke nan. Kullum yatsansa na kan wurin nan, da shi yake gane kayansa. In bai ji shi ba, cewa zai yi mun sayar da nasa mun kawo masa jabu. Kuma ni zai zarga."

Kunya ta rufe Sabo Fil, irin wadda bai taɓa ji ba a kan teburin nan. Ya ce ta ba shi zuwa gobe. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana share kwarzane, ranar nan ya wuni yana koyon yinsa. Ya gwada a kan matattun agoguna har bakwai, mai takalma na leƙe yana tambaya ko lafiya. Daga ƙarshe ya ɗauki sukudireba, ya cije leɓe, ya karta agogo mafi tsada da ya taɓa shigowa hannunsa.

Washegari shi da kansa ya raka ta gidan. Tsohon na zaune kan kujera a bakin taga. Ya karɓi agogon, ya kara a kunne, ya yi murmushi. Sannan babban yatsansa ya gangara gefe, ya tsaya, ya koma, ya sake tsayawa. 

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Na goge naka bisa kuskure, na mayar da wani. 'Yarka ba ta da laifi."

"Ai na sani. Nawa ƙofar mota ce ta yi shi, bugu ɗaya, ba ta yi shawara da kowa ba. Wannan kuwa mai shi hannunsa rawa yake yi."

Ya miƙo wuyan hannunsa yana dariya.

"Agogona ne, muryarsa ba ta canza ba. Ɗaura mini. Amma in ka sake goge wannan, ni da kai ne, don na fara sabawa da shi."