Yashin da Muka Sa Aka Kwashe

Ɗiyata ta cika shekara huɗu ba ta haɗa kalma biyu a jere ba. Tana cewa "Mama", tana cewa "ruwa", tana cewa "a'a". Sauran buƙatunta da yatsa take nunawa, ko ta kama bakin zanena ta ja ni zuwa inda abin yake. Likita ya duba kunnuwanta ya ce tana ji sarai. Surukata ta ce harsuna ne suka yi mata yawa: Hausa a ɗaki, Zabarmanci a tsakar gida wurin maƙwabta, Faransanci a talabijin. Mahaifinta, wanda aiki ya kai Agadas a lokacin, ya ce ta waya in yi haƙuri, shi ma an ce ya daɗe bai buɗe baki ba. Ni kuwa da magana nake cin abinci, a gidan rediyo nake fassara labarai in karanta. Kullum in na dawo sai in zaunar da ita gabana, in ce ta faɗi "kofi", ta faɗi "ƙofa". Takan dubi bakina har in gama, sannan ta tashi.

Saboda haka na kai ta jardan, ajin ƙanana da ake yi kafin lakwal, wato makarantar firamare. Wata ƴar makaranta ce mai zaman kanta a unguwarmu, Yantala, tafiyar minti biyar daga gida. Abin da nake so ɗaya ne, a sa ta yi magana.

Malamar ajinsu dattijuwa ce ƴar Dogon Dutsi, Kirista, ta yi shekaru tana koyarwa a makarantun gwamnati kafin ta yi ritaya. Yara da iyaye duk Tanti suke ce mata. A bayan ajinta, ƙarƙashin wani itacen dogon yaro, akwai tulin yashin gulbi. Ƙaninta mai noman garka a Gamkalle ne ya kawo mata shi a amalanken jaki. Kowace safiya yaran sukan yi sama da awa ɗaya a wurin. Suna yin ƙananan fangali irin na masu garka, kowa da nasa, kamar faɗin faifai, su dasa tsinken tsintsiya da ganye, su ja hanyar ruwa da yatsa daga wannan zuwa wancan. Iyakar abin da na gani ke nan ta kan katanga, ban kuma nemi ƙarin bayani ba.

Abin da ke isowa gida shi na fi lura da shi. Rigar makaranta da aka goge da safe takan dawo ja da laka. Kitson da aka yi ranar Lahadi, kafin Laraba yashi ya cika shi. Sannan ga kaye, littafin aikin da ake aiko wa iyaye kowace Juma'a su duba su sa hannu. A wurin irinmu ma'aikata, da kayen nan ake auna makaranta. Mata sukan zo da na ƴaƴansu biro, wato ofis, a jaka su nuna wa juna layukan haruffa. Na ɗiyata, wata uku cur, babu komai a ciki sai shatin tafin hannu da aka yi da laka, da wani ganye da aka manna, da zane-zanen da ban gane kansu ba. Jikan maƙwabciyarmu, sa'anta, yana wata makaranta a unguwar Lazare, yana iya tsayawa ya harɗe hannuwa ya zuba waƙar Faransanci daga farko har ƙarshe. Haka mu ma aka koya mana. Mun san lakwal da shiru da harɗe hannu, sai an nuna ka ka yi magana.

Wata rana a bakin ƙofar makaranta na ɗaga rigar na nuna wa Tanti.

"Tanti, lakwal na kawo ta ko garka?"

"Duka biyun, Madam. Ki jira damina ki ga har gona."

Ban yi dariya ba. Ta dubi yarinyar, ta rage murya.

"Ƙawata tana magana yanzu." Haka take kiran ɗiyata. "Ba kalma ɗaya ba. Magana sosai, har da faɗa."

"Me ta ce?"

"Ki zo gobe da ƙarfe tara ki ji da kunnenki. Amma ki tsaya bayan katanga, kada ta gan ki."

Washegari na nemi izini a wurin aiki na zo. Na tsaya bayan katangar kamar minti biyu, ina jin hayaniyar yara, ban iya tsince muryarta a ciki ba, tunda ban san yadda muryarta take in ta yi tsawo ba. Mai gadi yana kallona. Sai na ji kunya, na ce a raina ni ba ɓarauniya ba ce da zan laɓe don in saurari ɗiyar da na haifa. Na zaga na shiga, da takalmin aiki da jaka, na tsaya a kanta. Tana durƙushe, hannuwanta cikin laka, bakinta a buɗe.

"Yawwa," na ce. "Faɗi in ji. Me kike cewa? Sake faɗi."

Ta rufe bakin. Ta goge hannu a riga, ta koma gindin itacen ta zauna. Na jira har yara suka shiga aji, ba ta ce uffan ba. Tanti ta ɗauki bokiti ta wuce. Na koma aiki da tunanin cewa tsohuwar tana kare wasanta ne kawai, ta faɗi abin da ta san ina son ji.

Ba ni kaɗai ke ƙorafi ba. Da aka kira taron iyaye kafin hutun tsakiyar shekara, maganar yashi ce ta cinye zaman. Ni ce sakatariyar kwamitin iyaye, don an ce na iya rubutu. Wani Alhaji, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, shi ya fara.

"Jikana kullum da ƙasa a aljihu yake dawowa. In magini nake so ya zama, na san inda magina suke."

"Ai Alhaji ginin nan naka na Lazare ya ƙi ƙarewa," in ji wata mata daga baya. "Ka samu lebura a gida, ka gode wa Tanti."

Aka yi dariya, har da shi. Amma da dariyar ta lafa, sai wata ta ce ƙarshen shekara na zuwa, ranar bikin rufe makaranta me yaranmu za su tsaya su faɗa gaban jama'a? Wani ya ce ɗansa zai shiga aji ɗaya baɗi bai san riƙe alli ba. Mai makarantar, mace mai sanyin hali, tana ta juya zoben hannunta. Ta san akwai wasu jardan biyu a layin.

Aka ba Tanti dama. Ta miƙe a hankali, ta fara da Hausarta ta Arewa, irin ta Dogon Dutsi, ta ce wurin yashin nan yana da doka, kuma dokar daga masu garka ta samo ta. Ta soma bayanin yadda ƙaninta da maƙwabtansa suke raba ruwan inji ɗaya. Ta yi nisa cikin maganar garka, mutane sun fara duba agogo. A wurin aikina, in baƙo ya ja magana, akwai yadda muke tsayar da shi. Ban san lokacin da na yi ba.

"Tanti, a taƙaice, don Allah."

Ta dube ni.

"A taƙaice, Madam, yara suna wasa."

Ta zauna. Ni na rubuta takardar da aka kai wa mai makaranta. Buƙatu uku ne, na tsara su tsaf: a kwashe yashi, a ba kowane yaro allo da alli, a fara koya musu waƙar da za su yi ranar biki. Na karanta wa iyaye, aka ce ta yi kyau, ba a gyara ko kalma ɗaya ba. Kafin a dawo hutu an kwashe yashin, an shafe wurin da siminti.

Riga ta daina yin datti. Kaye ya cika da layuka, waɗanda daga ganinsu an riƙe mata hannu ne. Na sa hannu kowace Juma'a. Amma kalmomi ukun nan da take da su suka koma biyu, ta daina cewa "ruwa", sai ta miƙo kofi. Da safe takan kwanta ƙasa a bakin ƙofa, sai an ɗauke ta. Mai gadi ya gaya mini cewa in an fito shan iska takan je kan simintin, daidai inda fangalinta yake a da, ta tsuguna da gwangwanin tumatir a hannu har a kaɗa ƙararrawa.

Ranar biki aka jera su a kan wannan simintin, hannuwa a harɗe. Yara suka yi waƙarsu da ƙarfi, iyaye suna ɗauka a waya. Ni ma na ɗaga tawa. Tana layin gaba, don ita ce ƙarama. Har aka gama leɓenta bai motsa ba. Hoton bidiyon yana nan, na kalle shi sau da yawa ina neman inda ko sau ɗaya ta buɗe baki. Babu.

Da aka watse na tarar da Tanti tana ɗaure kayanta a zane. Ta ce ba za ta dawo ba baɗi, za ta koma gida.

"Tanti, dokar nan da kika fara faɗa a taro, mece ce?"

"Yau kina da lokaci?"

Na ce ina da shi. Ta ce ba za ta faɗa ba, in kawo ƙawarta Gamkalle ranar Asabar da safe.

Muka je a taksi. Garkar ƙaninta tana kusa da gulbi, fangali-fangali na salati da albasa, kewaye da shingen kara. Inji yana jawo ruwa zuwa babbar hanya ɗaya, daga ita ƙananan hanyoyi suke rabuwa. Mutum ɗaya ke tsayawa a bakin ruwa da fartanya. Ba ya ganin ƙarshen garka, saboda haka sai wanda ke can ya ɗaga murya ya ce a buɗe masa, in fangalinsa ya cika ya ce a toshe. In ka yi shiru shukarka ta bushe, ko ruwa ya kwashe ta.

"Haka muke yi a bayan aji," in ji Tanti. "Bokiti ɗaya ne kowace safiya. Yaro ɗaya ke riƙe bakin ruwa, kuma baya yake juya musu. Nuni da yatsa ba ya aiki. Ƙawata ta yi sati uku fangalinta a bushe, tana kuka, ban sa baki ba. Ran nan jikan Alhaji ya ba kowa ya tsallake ta. Sai muka ji ta ce, kai, buɗe mini, nawa ya bushe, kai mugu ne."

"Ita ta faɗi haka?"

"Har da mugun. Daga nan kullum sai ta yi. Ranar da kika shigo, ita ce za ta riƙe ruwa washegari. Ba ta yarda ta karɓa ba."

Ƙanin nata ya ja yarinyar zuwa wani ɗan fangali a gefe, ya ba ta ƴan dashen albasa. Tanti ta kai ni bayan shinge, ta nuna mini wani dutse.

"Zauna nan, Madam. Ko me kika ji, kada ki tashi."

Na zauna. Rana ta yi sama, ƙudaje suka dame ni. Na fi rabin awa ban ji komai ba sai inji. Mutumin ya ba fangalin dama ruwa, ya ba na hagu, ya juya baya yana waƙarsa. Sannan na ji wata murya siririya, mai ɗan kaushi, wadda ban sani ba.

"Kawu. Kawu, buɗe nan. Ba can ba, nan. Ya isa, toshe, zai kashe su."

Ban tashi ba. Amma ƙafata ta motsa, karan shinge ya yi ƙara. Ta leƙo ta ƙasa, ta ga takalmina. Ba ta ƙara cewa komai ba ranar.

Tanti ta koma Dogon Dutsi kafin damina ta ƙare. Na je wurin mai makaranta na ce a maido da yashin, ni zan rubuta wata takardar. Ta ce iyaye sun ji daɗin simintin, ajin ma ya ƙaru, kuma sabuwar malama ba ta san wannan aiki ba. Na kawo maganar a taron iyaye na gaba. Alhaji ya ce, "Madam, ba ke kika rubuta ta farko ba?" Na ce ni ce. Aka wuce zuwa batu na gaba.

Na sa aka kawo yashi amalanke ɗaya, aka zuba a kusurwar gidanmu. Ƴaƴan maƙwabta biyu sukan shigo da yamma, na koya musu dokar yadda Tanti ta gaya mini. Yanzu ɗiyata tana lakwal, tana magana, ko da yake kaɗan ce, kuma malaminsu ya rubuta a kaye cewa ba ta amsa tambaya a aji. A wurin yashi kuwa har gardama take yi, da Hausa da Zabarmanci. Ina jin ta daga madafa. Na koyi yanka albasa ina fuskantar bango, don in na juyo sai ta yi shiru ta jira in gama kallo.