Rijiyar da Aka Haƙa wa Inna

Duk unguwarsu a Kontagora an san Malama Saudatu da jakarta mai kwalabe. Kimiyya take koyarwa a sakandare, amma da ta dawo daga ƙaro karatu sai ta zo da wata farar hoda kamar garin rogo. In ta barbaɗa ta a ruwa, ta haska wata 'yar tocila ta musamman, sai ruwan ya ɗauki haske kore shar. In kuwa akwai gubar dalma a ciki, hasken ya mutu murus.

Ba ta da surutu, amma wajen shisshigi kam, sai dai a bar ta. Ba ta wuce rijiya ba ta ari guga ba. Da rana tsaka za ka gan ta ta lulluɓe kai da kwalba cikin mayafi don ta sami duhu, sai ka ce mai surace.

Rijiya ɗaya ce ta daɗe tana kauce wa, ta ƙauyensu can bayan Nasko. Da Innarta ta rasu, mahaifinta Malam Mika'ilu ya sayar da shanun nomansa ya haƙa ta sadaka, don duk wanda ya sha, ladan ya iske marigayiya. Kambari da Fulani, Musulmi da Kirista, kowa nan yake ɗiba. Daga baya masu neman zinari suka kafa injin niƙa dutse a tudun da ke sama da ita. Saudatu ta san ƙurar dutsen na iya zuba dalma a ruwa, tsoro ne kawai ya hana ta dubawa.

Sai da ɗan Christiana maƙwabciyarsu ta ƙauye ya fara jijjiga sannan ta ɗebo ruwan, ta shiga mayafinta. Duhu. Ta sake gwadawa, bai canza ba.

Tsohon yana zaune a gindin mangwaro yana kallonta.

"Saude, me kika gani?"

"Baba, sai an kai birni an tabbatar. Amma don Allah kada kowa ya ƙara sha."

Ya juya ya kalli rijiyar.

"To wanda aka riga aka sha fa? Me aka rubuta wa uwarki, lada ko alhaki?"

Hawaye suka zubo mata. "Baba, ai niyya Allah yake dubawa."

"Haka ne," ya ce. "Amma yaran nan ba niyya suka sha ba."

Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya je ya kwance gugan da hannunsa.