Kawu Dodo da Rediyon Likita

Ku da kuka san Kawu Dodo kun san tambayarsa guda ce: "In ya lalace, wa za ya gyara?" Ɗansa ya aiko masa da agogo daga Abijan, ya juya shi, ya yi tambayar, ya maida. Ni ma ran da na kai masa saurayina, haka ya dube shi sama da ƙasa ya tambaya. Wayyo kunya!

Sai ga mutanen furoje, masu aikin raya karkara, sun zo garinmu da zaɓi biyu: ko a jawo wayar talho bisa sanduna tun daga garin Buza, ko a aje rediyo mai magana a ɗakin likita, mai cin hasken rana. Talho ya fi tsada, amma ana jin muryar 'ya'ya daga Abijan. Rediyon kuwa iyakarsa kiran asibitin Buza. Gari duk ya ce talho.

Kawu ya miƙe. "Ban yarda ba! Gara ta ci sanduna, ruwan kwari ya kwashe saura, wayar ta koma mundaye a hannun 'yan mata!"

Maigari ya ce, "Dodo, kai ɗaya ne hwa."

"Mu biyu ne da jakina, kuma ya hi ku sanin hanyar Buza da damina."

Aka daina gaishe shi, ko a jikinsa. Ya kafa sanda a ƙofar maigari, ya hana kowa taɓawa. Da gara ta gama da ita, ya kwaso garin sandar ya zube a tsakar taro. "Ga talhonku nan, ku kira Abijan!"

An yi dariya, amma kowa ya san abin da ke cinsa. Da wata damina can baya matarsa Inna Hajo ta rasu a bisa amalanke, da naƙuda, ba a kai asibiti ba. Aradu ni ko yau abin na yi mini ciwo. Gari ya sake shawara, aka sa rediyo, kuma da shi aka kira motar asibitin da ta ɗauke ni a haihuwata ta fari.

Da ciwo ya kada Kawu, na ce bari a kira masa motar. Ya riƙe mini hannu gam.

"Kul! Mota ta masu haihuwa ce. Ni na lalace, ɗiyata, kuma Mai gyaran na can yana jirana."

Allah Ya gyara maka makwanci, Kawu, Ya sada ka da Inna Hajo.