Zomon Da Na Damƙa Wa Aminiyata Ina Cikin Takaba

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Wata malamar makaranta da ta kama haya a gidanmu bana ita ke rubuta min wannan, ina faɗa tana jira in kuka ya ci ƙarfina. Lokacin da abin ya faru ina cikin takaba a Bwari, wata biyu da rasuwar maigidana, wanda ya ƙare ƙarfinsa yana gyaran furanni a wata ma'aikatar gwamnati. 'Yarmu ɗaya ce, tana aure a nesa. Abu mai rai da ya bar min a gidan shi ne wani farin zomo mai baƙin kunne. Ba don ci ya ajiye shi ba. Da hantsi yakan zauna a tabarma, zomon ya hau cinyarsa, yana ba shi ganyen dankali yana ce masa oga. Da aka kai maigidana makwancinsa, zomon ya koma hawa tawa cinyar, kuma da shi nake hira in masu gaisuwa sun watse.

Damina ta yi nisa sai ya fara atishawa. Hancinsa yana zubar da farin ruwa, gashin ƙafafunsa na gaba ya manne saboda yawan goge fuska. Na ɗauka mura ce irin tamu, sai na yi masa abin da nake yi wa kaina. Na kai shi ɗakin girki kusa da garwashi, na rufe taga, na zuba turaren wuta wai hayaƙin ya buɗe masa ƙirji. Ashe shaƙe shi nake yi. Kwana biyu a haka numfashinsa ya koma kamar ana busa cikin kara, yana ɗaga kai sama yana neman iska. Na miƙa masa ganyen da yake so, ya sunsuna ya kau da kai. Kashinsa ya ƙanƙance, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya.

Na san akwai likitan dabbobi, amma ni a sanina mai takaba ba ta taka bakin ƙofa. Sai na kira maƙwabciyata, aminiyata ta shekara talatin, wadda ta riƙe ni ranar da aka fitar da gawar maigidana. Yaya take ce min. Na sa zomon a kwali na huda masa ramuka, na roƙe ta ta kai shi. Ta ce in kwantar da hankalina, ai wannan ba komai ba ne tsakaninmu. Da la'asar ta dawo hannu wayam, ta ce likita ya riƙe shi, za a yi masa allurai, sai ya warke za a sallame shi. Washegari ta aiko min da kwanon farfesu, ta ce in daure in sha, na rame. Na sha har na suɗe hannu, na sa mata albarka.

Kwana goma sha ɗaya kullum da safe ina tsinko ganyen dankali a bayan ɗaki, in wanke, in ɗaure, in ba ta ta kai masa. Tana karɓa. Yau ta ce ya fara ci, gobe ta ce atishawar ta ragu, har ta taɓa ce min likitan ya yaba da tsabtarsa. Ni kuwa na share kejinsa, na shimfiɗa sabuwar ciyawa ina jira.

Mijinta ne ya fasa maganar, bai kuma san asiri ba ne. Ya tsaya a zaure yana gaishe ni, cikin hira ya ce na yi dabara da na sa aka yanka zomon nan da wuri, da an ƙara kwana ɗaya da ya zama mushe an yi asara. Ya tambaye ni ko romon ya yi min daɗi. Ashe ranar da na ba ta kwalin ko titi ba ta kai ba, gida ta wuce ta ce masa ni na aiko a yanka.

Da na aika ta zo, na zaci za ta sunkuyar da kai. Dariya ta yi. Ta ce haba yaya, zomo ne fa, ina aka taɓa ganin mace mai jikoki ta shiga mota da zomo a kwali wai za ta asibiti, ai sai a ce ta taɓu. Ta ce dabba in ta yi ciwo wuƙa ce maganinta, ta ɓoye min ne don ta san zuciyata. Na tambaye ta ganyen da nake ba ta fa, ta ce akuyarta ta gode.

Bayan na fita takaba na je wurin likitan dabbobi da ƙafata. Ya ce irin wannan ciwon sau da yawa yana jin magani in an zo da wuri, amma hayaƙi da rufaffen ɗaki suna ƙara shi, kuma zomon da ya yini bai ci ba gaggawa yake bukata. Limamin unguwarmu shi ma ya ce ai mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama. Da na tambaya tun farko, da ni na ɗauki kwalin nan.

Shi ya sa nake jan kunnen masu karatu. Kada ku yi wa dabba maganin mutum, kada ku jira in ta daina ci. Ku tambayi masu sani kafin ku ɗaure kanku da abin da addini bai ɗaure ku da shi ba. Abin da kuke ƙauna kuwa, kada ku damƙa shi a hannun wanda yake ganin ƙaunar wauta ce, komai daɗewarku tare. Har yau tana wucewa ta ƙofata ta yi sallama, ina amsawa domin amsa sallama wajibi ne. Amma in ta aiko da abinci, a rufe nake mayar mata da kwanon.